Tambayar Da Ɗiyata Ta Yi Mini

Wani dare cikin watan Rabi'ul Awwal, a tsakar gidanmu da ke Amarawa, ina ba ɗiyata labarin rasuwar Nana Amina a Abwa, kan hanyarsu ta komawa Makka daga Madina, Annabi (SAW) yana ɗan shekara 6. Ta katse ni: "Baba, ya yi kuka?" Har na buɗe baki, sai na ji amsar daga cikin kaina take tasowa, babu littafin da na gan ta. Na haɗiye ta.

Abin da sira ta adana na ƙuruciyar Manzon Allah bai da yawa. Ibn Ishaƙ, wanda ya rasu wajen 767, da Ibn Hisham da ya tace aikinsa, sun ba mu shayarwar Halimatus Sa'adiyya, tsaga ƙirji, rasuwar kakansa Abdulmuɗɗalibi yana da shekara 8, kiwon tumaki, da tafiyar Sham tare da Abu Ɗalib. Tsakanin waɗannan kuwa shekaru ne na shiru, kuma mai ba da labari bai iya ganin giɓi ya ƙyale.

Wanda ya fi shahara wajen cike giɓin shi ne Ɗaha Husaini, makahon marubucin nan na Masar, da ya fitar da juzu'in farko na Ala Hamishis Sira a 1933. Ma'anar sunan, a gefen sira. Tun a gabatarwa ya ce bai rubuta don malaman tarihi ba, kuma ya saki linzamin ƙirƙira ko'ina ban da inda magana ta taɓa Annabi ko addini. Na karanta shi aro, ban ajiye ba sai da fitila ta mutu. Haƙar Zamzam da na sani a layi uku ta zama dare mai tsawo, ga Abdulmuɗɗalibi yana juyi a shimfiɗa saboda mafarki, ga iyalinsa cikin zulumi. Na so mutanen kamar maƙwabtana.

Matsalar ta fito bayan wata guda, da na tashi faɗa wa wani labarin. Na kasa rarrabe abin da Ibn Hisham ya ruwaito da abin da Ɗaha ya ƙawata. Shingen da marubucin ya kafa yana nan a takarda, amma a ƙwaƙwalwata ruwa ya cinye shi. Ba mamaki Muhammad Husaini Haikal, mai Hayatu Muhammad, ya soki littafin saboda tsoron cakuɗa tatsuniya da tarihi. Malamanmu ko tsohuwar ruwaya ba su ɗaga mata ƙafa ba: a wata ruwayar Tirmizi ta labarin Bahira a tafiyar Sham an ambaci Bilal, Zahabi ya yi watsi da wannan, domin lissafin shekaru bai yarda ba.

Wasu sun zarce Ɗaha. A Amurka, Anne Rice ta rubuta littafi a 2005 da bakin Annabi Isa (AS) yana ɗan shekara 7, shi ke ba da labarin kansa. Fim ɗin Majid Majidi na Iran kan ƙuruciyar Manzon Allah, 2015, ya ɓoye fuskar yaron, duk da haka Azhar ba ta amince ba. Mu nan hanyarmu bege ce, irin Imfirajin Aliyu Namangi da makafi ke rerawa a kasuwanni. Mai saurare ya san shauƙi yake ji. Ƙagaggen labari kuwa rigar tarihi yake sakawa, shi ya sa na fi jin tsoronsa, ko da yake ba zan ce a ƙone shi ba.

Washegari na kira ɗiyata. Na ce mata Ummu Aiman ce ta kawo Annabi (SAW) Makka wurin kakansa, kuma Muslim ya ruwaito cewa bayan ya girma ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa, ya yi kuka har na kusa da shi suka yi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To tumakin nan, guda nawa ne?"