Faɗin tiyo da gudun ruwa

Ƴan uwa masu lambu na ƙasar Kornaka, kun san wuyar ruwa a nan. Rijiyoyinmu suna da zurfi. Wasu sukan sayi siririn tiyo don yana da arha. Daga baya su ce injin ba shi da ƙarfi. Sau da yawa laifin na tiyo ne.

Ga dalili. Ruwa ba ya gudu bai ɗaya cikin tiyo. Wanda yake gogar jikin tiyo yana tafiya a hankali. Na tsakiya shi ya fi sauri. In tiyo siriri ne, kusan duk ruwan yana kusa da jikinsa, sai gudu ya ragu.

A shekarar 1840 wani likita ɗan Faransa mai suna Poiseuille ya bayyana awon da ya yi. Ya bi da ruwa ta sirarran bututun gilashi, ya gano abu uku.

Na farko, faɗi. In aka ninka faɗin bututun sau 2, ruwan da ke fita yana ƙaruwa sau 16. A tiyon lambu ruwa yana gudu yana birkicewa, don haka ƙarin yakan tsaya wajen sau 6. Ko hakan riba ce babba.

Na biyu, tsawo. In tsawon tiyo ya ƙaru, ruwa yana raguwa.

Na uku, kauri. Ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi kauri, ya fi shi jinkiri. Haka man gyaɗa da zuma suke tafiyar hawainiya cikin mazurari, tun ba da hunturu ba.

Saboda haka, a zaɓi tiyo mai faɗi ko da ya ɗan fi tsada. A rage tsawonsa. Kada a bari ya lanƙwashe. A sa rariya a bakinsa don kada rairayi ya taru ciki. Yin haka yana rage shan mai da wahalar inji.

Wannan ƙa'ida ta shafi lafiyarmu. Jijiyoyin jini ma bututu ne. In sun ƙuntata, dole zuciya ta ƙara ƙarfi kafin ta tura jini. Wannan yana cikin abin da ke kawo hawan jini. A rage gishiri, a bar taba, a riƙa zuwa asibiti awon jini.

Allah Ya ba mu lafiya da albarkar noma.