Idan Maigida Ya Dawo Da Firgicin Yaƙi

Uwargida, a masana'antun Sharada, Challawa da Bompai akwai tsofaffin sojoji da 'yan sanda da ke aikin gadi. Wasu sun yi yaƙi a Borno, wasu suna bakin aiki ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, lokacin da bama-bamai suka tashi a hedikwatar 'yan sanda ta Bompai da wasu sassan Kano, aka rasa rayuka sama da 180. Har yau akwai wanda idan tayar tirela ta fashe sai gumi ya karyo masa, ya dawo gida ya kasa barci, ya huce a kan yara.

Mu mata mun fi saurin cewa iska ce ko sammu. Likitoci kuwa tun 1980, bayan yaƙin Biyetnam, suka amince cewa cuta ce, wato firgicin bayan tashin hankali, kuma tana barin alama a jiki. Wata masaniya a Amurka, Rachel Yehuda, ta gano cewa sinadarin kotizol, wanda jiki ke fitarwa lokacin fargaba, yakan yi ƙasa a jikin tsofaffin sojoji da yawa masu wannan cuta. A 2013 ita da abokan aikinta suka nuna cewa wata alama a ƙwayar gado cikin jini tana iya nuna wanda jinyar tattaunawa za ta fi karɓa. Binciken ƙarami ne, kuma bai zama gwajin da ake yi a asibiti ba.

Abin da ya shafe ki shi ne, jiki ya bambanta. Wani nazari na 2015 ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na sojojin da aka yi wa wannan jinya sun gama da sauran cutar, ko da yake da yawa sun samu sauƙi. Don haka idan maganin farko bai yi ba, kada ki bari dangi su ce asibiti ta gaza, ko a zargi imaninsa. Ruƙiyya da addu'a ba sa hana ganin likita.

Kafin ku je sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano ko Dawanau, ki rubuta awa nawa yake barci, sau nawa yake zabura a mako, da ƙarar da ke tayar masa. Da wannan likita zai gane ko a canza magani. Idan kuwa ya fara ambaton kashe kansa, ko yana dukanki, ki sanar da waliyyanku a ranar, a kai shi asibiti.