Kafin A Aza Tubali A San Magini

Ga damina ta ɗauke, an kai amfanin gona gida, iskar hunturu ta fara kaɗawa. A ƙasar Hausa wannan shi ne lokacin gini tun kaka da kakanni, gama ƙasa ta kan bushe da wuri, hannun da ya ajiye fartanya kuma ya sami sarari. Kowace unguwa mutum ya ratsa yanzu zai ga an jibge yashi da bulo a ƙofar wani. Yawancin masu wannan aiki kuwa ba attajirai ba ne. Malamin makaranta ne, ko ɗan tireda, ko direba, wanda ya shekara goma yana ƙulla kwabo bisa kwabo don ya raba iyalinsa da gidan haya. Irin wannan mutum sau ɗaya ya ke gini a rayuwarsa, in aikin ya ɓaci ba shi da abin sake shi. Dominsa mu ke wannan magana.

A da, a manyan birane kamar Kano da Zariya, magina suna da shugaba, watau Sarkin Magina, wanda Sarki ke naɗawa. Sana'ar kuwa gado ce. Yaro ya kan fara da ɗibar ruwa da cuɗa ƙasa da ƙafa, sa'an nan ya koyi yin tubali da jefa wa ubangidansa a kan katanga. Sai ya daɗe a haka kana a bar shi ya taɓa azara. Cikin shekarun nan zai san dalilin da ya sa a ke yin bango da kauri a gindi a tsuke shi a sama. Zai san azarar giginya gara ba ta cin ta, amma ba a shimfiɗa ta a faɗin da ya wuce kamar ƙafa 6, in ana son babban soro sai a koma ga bakan gizo da ɗaurin guga. Zai san yadda a ke haɗa makuba ta kwasfar ɗorawa, da laso na katsin marina, don kada ruwa ya ci bango, da inda a ke kafa indararo. Abin da ya fi duka, in ɗaki ya faɗi, kowa a gari ya san hannun wanda ya gina shi, ya kuma san inda za a kai ƙara.

Wanda ya ke son ganin abin da wannan horo ya haifar ya tafi Zariya. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa da azara. An kewaye shi da sabon gini na zamani daga baya, amma bakan gizonsa na nan a ciki, sun haura shekara 170 suna tsaye.

Sai siminti ya zo. Masana'antar Sakkwato ta fara aiki a 1967, ta Ashaka a 1979, yau ko a ƙauye bulo da kwano ne abin marmari. Ba mu ga laifin siminti ba, abu ne mai ƙarko in an ba shi hakkinsa. Amma ya zo da abu biyu da ya kamata a lura da su. Na fari, sana'ar ta fita daga hannun masu gadonta, duk wanda ya yi wata uku yana ɗaukar kwanon sarki ya sayi cokali sai ya ce shi birkila ne, in ya sami babbar riga ya zama ɗan kwangila. Na biyu, ginin siminti yana ɓoye aibinsa. Katangar ƙasa in za ta gaza ta kan tsage, mai gida ya gani ya yi yaɓe. Kankare kuwa da zarar an shafe shi da filasta ba mai sanin rodi nawa ke ciki, sai ranar da ya sauko. Ba mu manta da bene mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas ran 1 ga Nuwamba, 2021 ba, inda fiye da mutum 40 suka rasu, ko makarantar da ta rufta da ɗalibai a Jos cikin Yuli, 2024, aka rasa rai 22. Waɗannan su ne aka ji labarinsu. Ƙananan gidajen da katangarsu ke dārewa a damina ta biyu kuwa ba mai ƙirga su.

To, tun da ya ke ba kowane mai cokali ke ƙarƙashin Sarkin Magina yanzu ba, lalle ne mai gida ya ɗauki aikin Sarkin Magina da kansa.

Ya fara da takarda. Ya tabbata filin nasa ne a rubuce, ya kai zanen gidan ga hukumar tsara birane ta jiharsa a sa hannu. Mutane suna ganin wannan ɓata lokaci ne, alhali a nan ne za a gaya masa in filin yana kan hanyar ruwa, ko kan titin da za a fitar nan gaba.

Sa'an nan ya binciki magini kamar yadda a ke binciken mai neman aure. Kada ya tsaya ga hoto a waya. Ya ce a kai shi gidan da mutumin ya gina wanda ya ga damina uku, ya dubi kusurwoyi da ƙarƙashin tagogi, ya keɓe da mai gidan ya tambaye shi yadda suka rabu.

In sun shirya, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ko da maginin ɗan'uwa ne, gama zumunci da yawa ya mutu a bakin harsashin gini. A faɗi iyakar aikin, da wanda zai sayi kaya, da ranar gamawa. Kafin alƙalami kada ya yi yawa. Sauran kuɗin a biya mataki mataki, in an gama harsashi, in an kai linta, in an yi rufi, in an yi filasta, a kuma riƙe wani abu sai an duba aikin duka.

Kayan aiki ma suna da ƙa'ida wadda ba ta fi ƙarfin kowa ba. Buhun siminti kilo 50 ne. Kankaren da a ke yawan yi a ƙananan gidaje awo 1 ne na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. In an zuba shi yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, balle cikin hunturu da iska ke shanye danshi, kuma sai ya kwana 28 ya ke kai ƙarfin da a ke lissafi da shi. Saboda haka mai gaggawar cire katakon da ya tokare dakin yana wasa da rai. Bulon da a ke murjewa da yatsa ya zube yashi ne aka yi wa turaren siminti. Ranar da za a zuba kankare kuwa mai gida ya bar kome ya je ya ga rodin da idonsa.

In bene za a yi, maganar ta wuce birkila. A nemi injiniya mai rajista. Tun 1970 akwai majalisar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Nijeriya, ta magina kuma tun 1989, ana iya tambayar lambar mutum a bincika. Kada kuma a ɗora hawa bisa harsashin da aka haƙa don gidan ƙasa.

Gaskiya ita ce wani lokaci laifin na mai gida ne. Magini ya ce buhu goma, shi ya ce bakwai, ya tafi ga wanda zai yarda da bakwai ɗin. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Saura magana ga samarinmu da iyayensu. Duk shawarar nan ba ta da amfani in babu ƙwararrun da za a ɗauka. Abin kunya ne a ce matasanmu suna yawo da takardu suna neman ofis, masu manyan gine-gine kuwa suna ɗauko masu shimfiɗa tayil da gyaran silin daga Togo da Jamhuriyar Benin. Hanyar koyo a buɗe ta ke. Akwai makarantun koyon sana'a na gwamnati, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna wadda tushenta ya faro daga 1956, akwai kuma jarrabawar sana'a mai daraja uku ta Ma'aikatar Ƙwadago, wadda ko yaron da ya koya a hannun ubangida zai iya zama ya yi ta. Wanda ya iya karatu da lissafi ya haɗa da aikin hannu, shi ne gobe zai karanta zane ya shugabanci aiki. Mai ganin ƙasa ƙazanta ce kuma ya tuna da Alhaji Falke Barmu na garin Yama cikin jihar Tawa a Nijar, wanda ya fara ginin masallacin garinsu da ƙasa a 1962, har aikin ya ci lambar Aga Khan ta fasahar gini a 1986.

Muna roƙon hukumomi su ƙara sa ido a kan masu buga bulo da masu sayar da rodi, tsofaffin magina kuma su riƙe yara su koya musu tsakani da Allah. Mai gida kuwa ya tuna 'ya'yansa ne za su kwana ƙarƙashin rufin nan. Allah ya ba kowa muhalli mai albarka, ya tsare mu da aikin da na sani, amin.