Amosanin gaɓɓai na yara: idan ciwon ya shiga kwatangwalo

Yawancin mutane sun ɗauka amosanin gaɓɓai ciwon tsofaffi ne, alhali akwai irinsa da ke kama yara. Likitoci na tabbatar da shi idan gaɓa ta kumbura kafin yaro ya cika shekara 16, kumburin ya kai mako 6, kuma ba a gano wani dalili ba. A takardun asibitocin Nijar, Kamaru da Chadi za ka ga an rubuta AJI. Garkuwar jiki ce ke juyawa kan tantanin da ke cikin gaɓa, ya yi kauri, ruwa ya taru.

Kumburin gwiwa ko idon sawu kowa na gani. Gaɓar kwatangwalo kuwa tana can ciki, nama ya rufe ta, shi ya sa ake makara. Yaron zai yi kukan gindin cinya, wani lokaci ma gwiwa zai nuna, a yi ta shafa mata magani alhali lafiyarta lau. Iyaye su lura da ɗingishin safe wanda ke raguwa idan jiki ya sake, da wahalar tsuguno, da kasa harɗe ƙafa a tabarma ko zaman tahiya. An fi ganin haka ga yaran da ciwon ya kama gaɓɓai biyar ko fiye, da masu nau'in da ke zuwa da zazzaɓi da ƙuraje, da yara maza da suka haura shekara 6 masu ciwon diddige.

A yankinmu ba a gaggauta cewa amosanin gaɓɓai ne. Sikila na kashe kan ƙashin cinya, tarin fuka ma na cin wannan gaɓa. Yaron da ya yi zazzaɓi mai zafi ya kasa taka ƙafa cikin kwana ɗaya ko biyu, a kai shi asibiti ranar, domin mai yiwuwa mugunya ce ta taru, kuma tana lalata gaɓa cikin 'yan kwanaki.

Hoton ƙashi ba ya nuna komai da fari. Na'urar da ake duba masu ciki da ita tana gano ruwan da ya taru, kuma ana samunta a yawancin manyan asibitoci.

Ana farawa da maganin kumburi irin ibuprofen. Likita kan yi allurar kotizon cikin gaɓar kanta, ya ɗora yaron kan methotrexate, wanda ake sha sau ɗaya a mako, ba kullum ba, tare da awon jini. Sababbin allurai irin etanercept na aiki sosai, sai dai tsada. Kwanciya rub-da-ciki na ɗan lokaci kowace rana da hawan keke na hana ƙafar lanƙwashewa.

Ba karaya ba ce balle a kai wa maɗori. Ƙwayoyin dexamethasone na masu talla kuwa suna kwantar da zafi, amma shansu da daɗewa yana tsayar da girman yaro, yana kuma iya kashe kan ƙashin da ake son cetowa. Kwatangwalon yaro bai gama ginuwa ba. Kumburin da aka bari na shekaru yana sauya siffarsa, ƙafa ɗaya ta gajarce, har a kai ga sa gaɓar ƙarfe tun yana matashi.