Taɓin Hankali, Aiki da Neman Ilimi a Karkarar Arewacin Kano

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba halin wani mutum da ba a cika kawo zancensa a bainar jama'a ba, watau ma'aikaci ko ɗalibin da ke fama da taɓin hankali mai tsanani, amma bai ajiye aikinsa ba, bai kuma rufe littafinsa ba. Bahaushe yakan tara waɗannan cututtuka duka ya kira su hauka, kuma da an ambaci kalmar sai zuciya ta tafi ga mai tsumma a bakin kasuwa. Alhali kuwa yawancin masu wannan lalura suna cikin iyalinsu, waɗansu ma da alli a hannu suna koyarwa.

Likitoci sun rarrabe ciwon. Akwai wanda suke kira sikizofireniya, inda mutum kan ji muryoyin da ba mai su, ko ya ƙudurce cewa ana farautarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana samun kamar mutum 1 cikin 300. Akwai kuma mai juyawa tsakanin zumuɗi mai hana barci da baƙin ciki mai hana tashi. Dukansu sun fi ɓullowa daga ƙarshen ƙuruciya zuwa wajen shekara 30, daidai lokacin da ake kwaleji ko ake kama aiki. Kuma dukansu masu lafawa ne su dawo. Saboda haka babban abin tambaya ga mai ciwon shi ne, me ke tayar da shi?

A nan ne yanayin ƙasa ya shigo. Karkarar da ta tashi daga Ungogo ta bi Dawakin Tofa da Bichi har Ɗambatta tana cikin yankin da Michael Mortimore ya yi nazari tun shekarun 1960, inda gona ke manne da gona, ba a barin fili ya huta, sai dai a ciyar da shi da taki kowace shekara. A irin wannan wuri malamin firamare ko akawun ƙaramar hukuma manomi ne tukuna. In ya shiga karatun ƙarin ilimi, alal misali a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, ya ɗauki kaya uku ke nan. Abin takaici, karatun da ake shirya wa malamai a dogon hutu yakan faɗo tsakiyar damina, lokacin da gero da dawa ke jiran maimai da huɗa. Rana ta gona ce da aji, sai dare ya zama na littafi, a riƙe ido da goro ko shayi.

To, rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da ciwon zumuɗi. Kwana biyu ko uku na karatun dare, wanda lafiyayyen ɗalibi zai rama da ƙailula, yana iya kai wannan ga gadon asibiti. Wiwi da taramol, da ake sha wai don ƙarfin aiki, sun fi haka muni.

Sa'an nan maganin kansa yana da nasa nauyi. Largactil, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, yana kawo gyangyaɗi da jiri, yana kuma rage wa jiki jure zafin rana. Halofiridol kan sa rawar hannu da sanƙarewar gaɓoɓi, abin da ke wahalar da mai rubutun jarrabawa. Litiyam kuwa yana son ruwa a jiki. In gumi ya yi yawa, ko aka yi azumi a bazara ba da shawarar likita ba, sai ya taru a jini ya zama guba. Daga nan ne kuskuren da ya fi kowane yawa ke fitowa: mutum ya ji sauƙi, jarrabawa ta ƙarato, ya ce bari ya ajiye ƙwayar na mako biyu. Abin da ya kamata shi ne ya koma ga likita, a asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a rage awo, ko a mayar da sha zuwa dare, ko a sauya masa da allurar da ake yi bayan 'yan makonni.

Kada a fahimci cewa zama ba aiki shi ne magani. Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna akasin haka a Aro, kusa da Abeokuta, tun 1954, sa'ad da ya sauki marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, suna karɓar magani suna kuma taɓa aikin yau da kullum. Tsarin gandu ma yana da irin wannan hikima, ko da ba don ita aka kafa shi ba. In ɗa ya kasa fita, 'yan'uwa sun riƙe kuyyarsa, rumbu kuma ɗaya ne. Sai dai gandu yana ta raguwa yayin da gado ke yanka gonaki ƙanana, ofis da kwaleji kuwa ba su san kuyya ba, sun san rajista da ranar jarrabawa.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta hana nuna wa mai wannan lalura bambanci wajen aiki. Amma doka ba ta aiki kan abin da aka ɓoye, mai ciwo kuwa yana da hujjar ɓoyewa, domin sunan mahaukaci in ya kama mutum a ƙauye yakan bi shi har wurin neman aure, ya shafi ƙannensa mata. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a zaɓi mutum ɗaya a gida, ɗaya a wurin aiki ko makaranta, waɗanda suka san alamun farko, kamar ƙarancin barci, yawan magana, da zargin mutane. Shugaban makaranta da ya san haka yana iya mayar da darussan malaminsa zuwa hantsi, ya ba shi ranar zuwa asibiti ba tare da takardar tuhuma ba. Magatakardan kwaleji kuma yana iya barin ɗalibi ya jingine zango guda, ya dawo bayan kaka.