Masu farautar yara a shafukan sada zumunta: yadda suke shigowa gida da yadda ake tare su

A gidajen Hausawa daga Maraɗi zuwa Garwa, daga Zangon Kumasi zuwa Njamena, baƙo ba ya wuce zaure sai ya yi sallama an ba shi izini. Wayar salula ta rushe wannan ƙa'ida ba tare da an ankara ba. Yarinya ƴar shekara 13 tana kwance a ɗakin mahaifiyarta, ƙofar gida a kulle, amma tana hira da babban mutum wanda babu kowa a gidan da ya taɓa ganin fuskarsa.

Facebook da Instagram da TikTok da Snapchat duk sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi. Adadin ya samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ta taƙaita tattara bayanan ƙananan yara, ba wai an auna an ga ɗan shekara 13 ya yi hankalin kare kansa ba ne. Kuma a yawancin lokuta babu mai duba takardar haihuwa. Yaro ya rubuta shekarar da ya ga dama, ya wuce. A wajenmu ma sau da yawa ba ya buƙatar hakan, domin wayar uwa ce ko ta yaya, shafin a buɗe yake, sai ya ɗauka da sunan zai kalli wasan kwaikwayo ko ya duba aikin makaranta.

Mai neman lalata da yaro ba ya farawa da maganar banza. Yakan fara da abin da yaron yake so. Yana iya buɗe shafi da hoton wata budurwa ko wani saurayi tsaran yaron, ya nemi abota da ƴan ajinsu goma ko ashirin tukuna, yadda idan ya ƙwanƙwasa sai yaron ya ga ai duk abokansa sun san shi. Daga nan sai yabo: kin iya rawa, hotonka ya yi kyau, muryarki ta fi ta mawaƙa. Sai ƴar kyauta, katin waya na jaka ɗaya, ko kuɗin data, ko alkawarin sabuwar waya. Tunda ana tura kuɗi ta waya a yanzu, kyautar kan iso ba tare da wani babba ya gani ba.

Mataki na gaba shi ne ya janye yaron daga inda idon mutane yake. Zai ce su koma WhatsApp ko Telegram, ya kunna saƙon da ke goge kansa, ya ce wannan sirrinmu ne, mutanen gidanku ba za su gane ba. Yana sauraron ƙorafin yaron a kan faɗan uwa ko tsananin uba, yana ba shi gaskiya kullum. Wannan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Sai ya ga yaron ya saki jiki sannan ya nemi hoto, na farko marar laifi, na biyu ya ɗan wuce gona da iri. Da zarar ya samu guda ɗaya da yaron zai ji kunyar a gani, murya ta sauya: ko ki ƙaro wani, ko ki zo inda na ce, ko in tura wa babanki da ƴan makarantarku.

A nan ne al'adarmu ta kunya, wadda ke kare yara a wurare da yawa, take komawa makami a hannun mugu. Ya san yarinyar ta fi tsoron mahaifinta ya sani fiye da tsoronsa shi. Ya san a gari ƙarami hoto ɗaya kan iya ɓata maganar aure, ya sa a cire yarinya daga makaranta. Shirun yaron shi ne jarinsa, kuma duk gidan da yaro ya tabbata duka ne zai fara biyo bayan faɗin gaskiya, ya riga ya taya shi rabin aiki.

Kuskure ne a ɗauka ƴan mata kaɗai ake farauta. Akwai wani salo da ya fi faɗa wa samari, inda kuɗi ake nema. Shafi mai hoton budurwa ya yaudari yaro ya turo hoton tsiraicinsa, cikin mintuna a fara yi masa barazana. A watan Yulin 2024 kamfanin Meta ya ba da sanarwar rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan damfara. Kamfanin ya ce yawancin waɗanda aka hara manyan maza ne a Amurka, amma har da yara a ciki. A watan Satumban wannan shekarar wata kotun Amurka ta yanke wa wasu ƴan'uwa biyu ƴan Najeriya ɗaurin shekara 17 da rabi kowannensu, bayan wani ɗalibi mai shekara 17 a jihar Mishigan ya kashe kansa a 2022, sa'o'i kaɗan da fara yi masa barazana. Dabarar da aka yi amfani da ita a kansa ba ta buƙatar biza. Tana aiki da Hausa ko Faransanci kamar yadda ta yi da Turanci.

Haka kuma ba dole ba ne mugun ya zama baƙo daga nesa. Sau da yawa wanda yaron ya sani ne, maƙwabci ko ɗan'uwa ko wani mai koyarwa, waya kawai ta ba shi hanyar magana da yaron da tsakar dare. Akwai kuma ƙofar da ake mantawa da ita: wayar da aka bari wurin caji, ko wurin mai gyara, ko wurin masu tura finafinai da waƙoƙi, ba tare da an kulle ta ba. Yawancinsu masu neman halak ne, amma duk abin da ke cikin waya a buɗe yake ga wanda ya riƙe ta.

Alamomin ba su da wuyar gani ga mai lura. Yaro ya riƙa kife waya idan an shigo, ya kai tsakar dare yana latse-latse, a gan shi da kuɗi ko kati ko kayan da ba a san inda ya samo ba, ya firgita idan saƙo ya shigo, ko ya fara neman kuɗi da gaggawa ba bayani. Kowace ɗaya ita kaɗai tana iya zama ƙuruciya ce kawai. Idan sun taru, lokacin zama da shi ya yi.

Ita kanta wayar tana da makullai, kuma kyauta ne. A WhatsApp, cikin Paramètres sannan Confidentialité, ana iya hana wanda ba ya cikin lambobin waya ya saka yaro a rukuni ko ya ga hotonsa, a kuma kashe ƙarar kiran baƙuwar lamba. TikTok yana da tsarin haɗa shafin uba ko uwa da na yaro, kuma ba ya barin ƴan ƙasa da 16 su yi saƙon sirri, in dai an rubuta shekarun gaskiya. Instagram ya fara shafukan matasa masu tsauraran matakai a 2024. Manhajar Family Link ta Google tana bai wa iyaye damar sanin abin da aka sauke a wayar Android da ƙayyade lokacin amfani da ita. Matsalar ita ce yawancin wannan a rubuce yake da Faransanci ko Turanci, kuma a gidaje da yawa yaron ne ke saita wa iyayensa waya. Ba abin kunya ba ne uwa ta kira ƙanwarta ko babbar ƴarta ta taya ta. Ƙa'idar da ba ta buƙatar karatu kuwa ita ce waya ta kwana a ɗakin iyaye.

Ya kamata kowane yaro ya ji abu biyu daga bakin babba tun kafin komai ya faru. Na farko, hoton da aka ce gani ɗaya ake yi masa ya ɓace, ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Na biyu, ko me ya riga ya tura, ya zo ya faɗa, ba shi ne mai laifi ba.

Idan abin ya riga ya faru, kada a biya ko sisi, domin wanda aka biya sau ɗaya yakan dawo. Kada a goge hirar. A ɗauki hoton saƙonnin barazanar, da sunan shafin, da lambar waya, da lambar da aka ce a tura kuɗi, sannan a toshe shi a kai ƙararsa a cikin manhajar. Hoton yaron kansa kuwa kada a tura wa kowa, ko da dangi ne, ko da niyyar neman taimako ce, domin yaɗa shi laifi ne. Sai a tafi wurin ƴan sanda ko jandarma. Doka tana nan: Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet ta Yulin 2019, Najeriya tana da tata ta 2015, Kamaru ta ƙara dokar kare yara a intanet a Yulin 2023 a kan wadda take da ita tun 2010. A Ghana dokar 2020 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga mai yin barazana da hoton tsiraici, kuma ana kiran 292 don kai rahoto.

Akwai kuma shafin Take It Down na cibiyar NCMEC ta Amurka, wanda kowa ke iya amfani da shi kyauta, ba sai ya faɗi sunansa ba. Hoton ba ya barin wayar. Shafin yana ciro masa wata lamba ce ta musamman, kamar zanen yatsa, ya ba kamfanonin da suka shiga tsarin, irin su Facebook da Instagram da TikTok, don su gano shi su cire idan an ɗora. Ba ya isa cikin saƙonnin WhatsApp, saboda a rufe suke tsakanin mai turawa da mai karɓa. Can sai dai masu kula da rukuni su goge, su kuma fitar da wanda ya turo.