Iyaye Mata Da Hanyar Kware

Daga Kebbe ko Tambuwal, uwar da ɗanta ya sami taɓin hankali sai ta ratsa birnin Sakkwato kafin ta isa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Rashin kuɗin mota kaɗai kan sa a kulle yaro a ɗaki, a ce iskoki ne.

A 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin, amma ƙwaya ba ta rabu da samarinmu ba. Uwa ce ke fara lura: ba barci, ba cin tuwo.

Muna roƙon ƙungiyoyin mata, FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, da Zumuntar Mata, su ware kwasar adashi guda domin wannan tafiya, da macen da za ta raka uwar har gaban likita.